Jirgin Tudu

Da na kama bakina ranar nan a rumfar bakaniken Yelwa, wanne Malam zai ɗauka cikin baburan nan biyu? Na tambayi kaina har haƙorana suka zube, ban samu amsa ba. Wata rana in ce ai ya riga ya yanke shawara tun kafin ya waiwayo ya dube ni. Wata rana kuma in tuna yadda ya tsaya yana jiran abin da zan ce, sai abinci ya fita raina. Malamai sun ce mini ajali ne, na kuma yarda, ban taɓa jayayya da hukuncin Allah ba. Amma ni na yi maganar, wannan kam na sani.

Ban iya rubutu ba. Jikata ce ke rubutawa, na kuma gaya mata kada ta gyara mini magana don ta yi daɗi. In ta ga ina kuka ta ajiye alƙalami ta jira ni.

Malam shi ne mijina. Mutumin gungu ne, a tsakiyar kogi aka haife shi, a wani tsibiri da ruwa ya shanye tun da aka tare kogin a Kainji. Da aka tashe su aka ba su gidaje a bakin tafki, a hanyar da ta bar Yelwa ta nufi Ngaski, can muka zauna. Ni kuwa ɗiyar manoma ce daga wajen Shanga. Sai da aka kawo ni gidansa na fara shiga jirgi, na kuwa riƙe gefensa da hannu biyu tun daga wannan gaɓa har waccan, idona a rufe. Tun ranar yake kirana 'yar tudu. Har na yi furfura bai daina ba.

Yana da jirgin katako babba mai inji. Da sassafe ya duba taru da ƙugiyoyin mamari, ran kasuwa kuma ya ɗauki mutane da kaya. Ni nake banda. Karfasa, tarwaɗa, kurungu, duk abin da ya kawo in gyara in shimfiɗa kan wuta, in ya bushe in jera a kwanduna. Lokacin muna cikin jihar Sakkwato, ba a ma fara zancen Kebbi ba.

Tafkin nan ba kamar kogin da suka sani ba ne. Da ruwa ya hau, ya rufe gonaki da kurmi, itatuwa suna tsaye a ƙarƙashinsa har yau. Daga sama ba ka ganin komai. Ɗanmu na fari, wanda ya riga ya yi aure har matarsa na da ciki, ya taso daga kasuwar Wara da la'asar cikin jirgin wani, jirgin ya hau kututture ya tsage. Ya iya ruwa kamar kifi, amma ya tsaya fid da mata. Kwana uku ana nema kafin a same shi.

Daga nan na daina barin Malam ya huta. In ya ɗauki inji a kafaɗa zai fita, in bi shi har bakin ƙofa. In ya makara dawowa in je in tsaya a kwata, wato inda jirage ke tsayawa, har kifi ya ƙone mini a kan banda. Na ce masa ruwa ya ci mini ɗaya, ba zan zauna ina kallo ya ci na biyu ba.

Ya ce, "To in na bar ruwa mi zan yi, 'yar tudu? Noma? Kin taɓa ganin fartanya a hannuna?"

Na ce, "Ko dako ne ka yi. Ni dai a tudu."

"Dako da wannan bayan nawa?"

Wata biyar muna haka. Ba faɗa muke ba, shi ba mai ɗaga murya ba ne. Sai dai ya yi dariya ya fita, ni kuma in zauna cikin hayaƙi ina kuka ina cewa hayaƙin ne.

A kasuwar Yelwa na fara ganin abin. Wani mai gidan burodi, mutumin kudu, yana da wani babur mai ƙafa uku, ɗaya a gaba biyu a baya, da akwatin kaya a bayansa. Ba irin mai rumfar nan da ake haya da shi yanzu ba ne, wannan na kaya ne kawai, kuma a lokacin ba ka ganin irinsa sai jefi-jefi. Na tsaya ina kallonsa yana ratsa kasuwa. Na ce a raina, abin da ke tsaye da kansa ko ba kowa a kai, ai ba zai kayar da tsoho ba. Daga ƙauyenmu zuwa Yelwa kuma mata na shan wuyar kai kifi, sai a jira motar kasuwa, in ta cika a bar ki da kwandunanki a rana. Wanda ya samu irin wannan ba zai rasa kaya ba.

Na gaya wa Malam da muna cin tuwo. Ya ci gaba da cin tuwonsa. Bayan kamar wata biyu, ranar da aka yi sunan ɗan marigayi, ya ɗauki jaririn ya daɗe yana kallonsa. Da baƙi suka watse ya ce mini ya yi ciniki da wani, ya sayar da jirgi da inji.

Ran kasuwa muka tafi Yelwa tare. Wani bakanike da ke gyara masa injin jirgi tun da, shi ya yi mana hanya. Ashe mai burodin zai koma garinsu, yana neman mai sayen nasa. Bakaniken kuma yana da wani a rumfarsa, wanda ya saya wajen masu aikin hanya da suka tashi. Ya sa aka kawo na mai burodi aka jera su biyu.

Na mai burodi fari ne, tsaf, ba inda ya lotse. Akwatinsa ƙarami, mai murfi. Ɗayan kore ne, fentin ya koɗe, kujerar an ɗaure ta da roba, amma bayansa buɗe yake kuma da faɗi. Kuɗin jirgi ya isa koren har a samu ragowar zuba mai. Farin kuwa sai an ƙara.

Malam ya duba su yadda ake duba jirgi. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi ko akwai huji. Ya ƙwanƙwasa gefe da gefe da ɗan yatsa yana saurare. Ya sa aka tayar da kowanne, ya kara kunne kusa da injin, idonsa a rufe. Inji kam ya san shi. Ya ce na koren ya fi lafiyar murya.

Bakaniken ya ce, "Awo, Baba, injinsa ba shi da laifi. Amma in gaya maka tsakani da Allah, birkinsa ya cinye. Na aika Kontagora a nemo mini kayan, ba su iso ba. Farin nan kuwa komai nasa lafiya lau, yau ka hau ka tahi."

Malam ya yi dariya har da tafa hannu. Ya ce, "Yaro, shekara talatin ina tuƙi, ka taɓa ganin birki a jirgi?"

"Wannan ba jirgi ba ne, Baba."

"To ai shi ya sa zai fi sauƙi. Ƙasa ba ta igiya."

Masu zaman rumfar suka kwashe da dariya. Bakaniken bai yi dariya ba. Ya juyo gare ni ya ce, "Inna, ki sa baki."

Ni kuwa a lokacin ina bayan koren ina aunawa da kamu, daga gwiwar hannu zuwa yatsa. Na ga zai ci kwando shida a ƙasa, a ɗora wasu a kai. Na farin ko uku sai da dabara. Wannan shi ne dalilin da na faɗa wa mutane shekara da shekaru. Akwai na biyu, yau zan faɗe shi. Ina da awaki biyu da kwanonin jere da na daɗe ina tarawa don auren autata. Na san in aka ce farin, su za a sayar a cika. Malam bai roƙe ni ba, ba zai taɓa roƙo ba. Ya dai waiwayo, hannunsa ɗaya a kan farin, ya ce, "Mi kika gani, 'yar tudu? Ke kin fi ni sanin tudu."

Na ce, "Koren ya fi ɗaukar kaya."

Ya ɗauke hannunsa daga kan farin. Shi ke nan.

Bakaniken ya ce to, amma da sharaɗi, da zarar kayan birki sun iso zai aiko, a kawo masa ya ɗaura. Malam ya ce in sha Allahu. Kwana huɗu ya yi a Yelwa yana koyo a filin makaranta, ran na biyar ya shigo ƙauye a kansa, hularsa ta karkace, mutane na biye da shi. Abokansa masu jirgi suka taso daga kwata suka kewaye shi. Amininsa, wanda suka taso a gungu ɗaya, ya zagaya shi sau biyu ya ce, "To ina ake ɗaura taru?" Wani ya ce a kawo gora a gwada zurfin hanya. A ranar suka raɗa masa suna jirgin tudu.

Akwai wata al'ada ta masu jirgin inji da ya kamata a sani. In jirgi ya doso kwata, gwani ba ya isowa da inji a kunne. Tun daga nesa yake auna nauyin kayansa da iska da ƙarfin ruwa, ya kashe inji, jirgin ya taho shiru da kansa har hancinsa ya taɓa yashi a hankali, ko ruwan da ke cikin kwano ba zai zube ba. Wanda ya iso inji na ruri, ko ya kashe da wuri har sai an sa gora an turo, ranar ya shiga uku da tsiya. Malam a nan ya yi suna. Ana cewa in ka ji shiru ya daɗe kafin jirgi ya taɓa ƙasa, to shi ne.

Haka ya ɗauko wannan ya kawo tudu. Akwai wata tsamiya kafin gidanmu. Yana isowa gindinta sai ya cire giya ya kashe inji, babur ya gangaro shiru cikin yashi ya tsaya daidai ƙofar gida. Bai taɓa wucewa ba, bai taɓa gazawa ba. A kasuwar Yelwa ma haka yake yi. Ƙauyenmu shimfiɗe yake, hanyar ma haka, yashi kuma na riƙe ƙafa. Don haka birkin nan ko taka shi ba ya yi.

Ba zan ɓoye ba, watannin nan na ji daɗi. Na yi ƙiba. Ina cikin banda in ji ƙarar inji daga nesa, in ji ta ɗauke a gindin tsamiya, in san ya dawo, kuma ba daga ruwa ba. Mata suka riƙa kawo kwandunansu tun asuba suna jerawa a ƙofarmu. Kifi yanzu saye nake a kwata tunda ba mai kawo mini, amma ban damu ba. Shi ne dai wani lokaci in same shi zaune a bakin ruwa da yamma, yana gyara wa wani taru ba a sa shi ba.

Sau biyu bakaniken yana aikowa kayan birki sun iso. Na farko ya zo daidai ana hidimar auren autata. Na biyu Malam ya ce sai kasuwa ta yi sauƙi, don in ya kai babur sai ya kwana biyu a can, matan nan kuma wa zai kai musu kifi. Ni da na bi shi har ƙofa wata da watanni a kan ruwa, a kan wannan sau ɗaya na yi magana. Ya ce, "Kin taɓa ganin na wuce ƙofa?" Na ce a'a. Na bar zancen.

Lokacin da muka sayi babur tafki a cike yake, ruwa har kusa da gidaje. Amma kowace shekara akwai watannin da ruwan ke janyewa, ya ja baya sosai, kwatar da aka saba ta koma busasshiyar ƙasa. Sai jirage su koma tsayawa can ƙasa, a ƙarƙashin wata gangara mai jan tsakuwa. Da ƙafa muke sauka, a karkace, kwando a ka. Malam ya san gangaren nan tun da, amma daga ruwa ya san shi, yana kallonsa daga ƙasa. Bai taɓa sauka da babur ba. In ya kawo kaya a sama yake tsayawa, masu jirgi su hau su ɗauka.

Ranar wata Laraba ce, da hantsi. Amininsa ne ya yi masa saƙon buhunan gishiri da na dawa daga Yelwa, zai ƙetara da su. Ina ƙasa a bakin ruwa ina cinikin tarwaɗa. Muka ji ƙarar babur a sama. Aminin ya miƙe cikin jirginsa ya kara hannu a baki ya yi kira, "Kai tsoho! Jirgin naka ba ya isowa kwata ne? Kullum sai mun hau mun tarye ka kamar amarya?"

Aka yi dariya. Ni ma na yi. Wasa ne irin wanda suke yi tun suna yara, bawan Allahn nan har ya mutu bai yafe wa kansa ba.

Na ga hancin babur ya leƙo daga saman gangara. Ya ɗan tsaya. Na san abin da yake yi, aunawa yake. Sannan ya taho. Bai yi tsawon jirgi biyu ba na ji injin ya ɗauke.

Masu jirgi suka yi shewa, don sun gane abin da yake nufi. Zai kawo musu shi shiru har bakin ruwa. Da farko a hankali yake tahowa, yana zaune tsaf, har ya ɗaga musu hannu ɗaya. Sai tsakuwa ta fara tsalle a bayansa. Jirgi in ka kashe masa inji, ruwa ne ke riƙe shi, kowane taku yana rage gudu. Nan ba abin da ke riƙewa, ga buhuna a baya suna turo shi. Daga baya bakaniken ya ce da ya bar shi cikin giya, injin kansa zai riƙe shi. Wa ya gaya masa? Na ga ƙafarsa tana taka birki, tana sake takawa. Shewa ta mutu.

Da ya miƙe kai tsaye da cikin ruwa zai faɗa, ruwa kuwa ba zai yi masa komai ba. Amma a daidai wurin mata ne zaune da tasoshin kifi, ni ma ina cikinsu. Babu wadda ta iya tashi. Na ga idonsa. Ya murɗe kan babur gaba ɗaya zuwa hagu, wajen duwatsu. Ƙafar baya ɗaya ta tashi sama, abin ya kife, ya sake juyawa. Buhunan suka bi shi.

Ba ƙara mai yawa. Abin da na fi tunawa ƙafar gaba ce tana ta juyawa a sama, da gishiri da ya fashe ya zube fari a kan jan tsakuwa.

Maza shida suka ɗaga babur. Buhu biyu na kan ƙirjin Malam. Idonsa biyu, bai suma ba, ba jini sai kaɗan a gefen baki. Ya dubi amininsa ya ce, "Gishirinka ya zube." Aminin ya faɗi a gwiwa yana salati yana kuka kamar mace.

Ba mota a ƙauye ranar. A jirgi aka shimfiɗa shi aka nufi Yelwa, kansa a cinyata. Ban riƙe gefen jirgi ba, ban ma tuna a ruwa nake ba. Duk lokacin da jirgi ya daki igiya sai ya cije leɓe. Mai tuƙin wani saurayi ne, da muka doso kwatar Yelwa bai kashe inji ba har sai da muka daki yashi, don sauri. Malam ya buɗe ido ya dube shi.

A asibiti suka ce haƙarƙari sun karye sun taɓa ciki. Sun yi abin da za su iya. Aka yi zancen a wuce da shi Sakkwato, likita ya ja ƙanen Malam gefe ya ce hanyar ba za ta bar shi ya kai ba. Bakaniken ya zo da yamma ya tsaya a bakin ƙofa, ya kasa shigowa. Na fita na same shi. Ya ce, "Inna, kayan na nan a rumfa, a cikin takardarsu." Na ce na sani, ɗana, kai ka faɗa, ka kuma aiko. Ya rufe fuska da hularsa.

Kwana biyu Malam ya yi. Numfashi yake ja guntu-guntu, kowanne da wuya. Ina zaune a ƙasa kusa da gadon, ina jiƙa tsumma ina goga masa a leɓe. 'Ya'ya suka zo, autata da lallen aurenta bai gama fita daga ƙafarta ba. Matar marigayi ta kawo yaron, aka ɗora masa hannu a kansa. Mutanen gungu suka cika barandar asibiti har ma'aikata suka gaji da kora. Ya yi wa ƙanensa wasiyya a kan gida da yaran, kalma ɗaya ya huta, kalma ɗaya ya huta. Ya ce a gaya wa amininsa ya shigo, ya daina laɓewa a waje. Da ya shigo suka riƙe hannu.

Ran Juma'a, maza sun tafi masallaci, ɗakin ya rage daga ni sai shi sai wani mara lafiya da ke barci a gadon can. An kawo mini fura tun safe tana nan a rufe, ƙuda na zagaya faifan. Ina tsammanin barci yake. Na kifa kaina a bakin gado ina kuka a hankali don kada in tashe shi. Sai na ji yatsunsa a kan ɗankwalina. Na ɗago. Ya daɗe yana tara numfashi, na kara kunnena kusa da bakinsa.

Ya ce, "Ya isa haka nan. Tashi ki sha furarki, tun jiya ban ga kin sa komai a baki ba."